Layi Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Minti tara jadawalin aiki ya ɗauka kafin ya buɗe. Ma'aikatan jinya ɗari uku da tamanin, shekara shida, duk a fayil guda. In na sauya wa mutum ɗaya daga safe zuwa yamma, sai kwamfutar ta tsaya cak tana huci. Shugabar ma'aikatan jinya ta leƙo ofishina sau biyu.

Talata, 4 ga Maris

Mai gyaran kwamfutar asibiti ya zo, dattijon nan da muke kira Injiniya. Ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wannan ai ɗakin tarkace ne." Wai kowane gida a jadawalin, wato 'yan akwatunan da ake cikewa, sai ya sake lissafi tun daga shekarar farko. Maganin: a kwashe tsofaffin shekaru zuwa wani fayil, a cire duk wanda ba ya aiki yanzu.

Na ce zan duba.

Bai san layi na 214 na matata ba ne, ita ma a nan take aikin jinya. Wata bakwai da rasuwarta. Kowane wata nakan cike mata layin da "hutu", har ƙarshe.

Alhamis, 6 ga Maris

Maimakon aiki, na zauna karanta 'yan bayanan da nake maƙalawa a gidajenta. "Za ta kai yarinya rigakafi." "Ta yi musanya da Doguwa." Sai na wata ɗaya kafin rasuwarta: ta nemi rana guda ta ga likita kan ciwon kan da ya dame ta. Ni na rubuta, "Babu mai maye gurbi." Don kada a ce ina fifita matata. Da na koma gida ta tare ni da tsokana, "Ranka ya daɗe mai jadawali, a kawo abinci?" Ba ta sake nema ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Jadawalin ya maƙale gaba ɗaya. Na tashi ban fitar da na mako mai zuwa ba, wanda zai fara gobe Asabar.

Litinin, 10 ga Maris

Ranar Asabar babu wanda ya je ya karɓi Doguwa a ɗakin marasa lafiya, kowa ya ɗauka wani ne. Ta haɗa aiki biyu. Tana nan mahaifinta ya cika a gida, yana ta tambayarta.

Ƙawar matata ce, ita ta riƙe 'yata ranar da muka yi rashi. Na je mata ta'aziyya, ita ce ma ke ba ni haƙuri. "Yaya, kada ka sa a ranka. Na'ura ce."

Ba na'ura ba ce.

Talata, 11 ga Maris

Na kira Injiniya, na gaya masa komai. Ya nuna mini inda zan danna, ya ce bari ya je ya sha shayi, ya ja mini ƙofa.

Na kwashe shekarun. Na cire masu ritaya da waɗanda aka sauya wa wurin aiki. Matata na bari ƙarshe. Da na danna, na ƙasanta ya hau gurbin nan take, ko alama babu.

Daƙiƙa huɗu yanzu yake buɗewa. Shugaba ta ce madalla.

Laraba, 19 ga Maris

Babu abin rubutawa. Aiki na tafiya.

Alhamis, 27 ga Maris

Na gama jadawalin Afrilu kafin sha biyu. Na zauna ban san me zan yi da hannuwana ba. Sai na buga wa surukata na ce ta huta, yau ni zan ɗauko yarinya daga makaranta. Ban taɓa zuwa ba, sai da mai gadi ya nuna mini ajinsu.

Ta fito da jaka a baya, ta gan ni, ta tsaya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, korar ka aka yi?"

Dariya ta ƙwace mini, mai ƙarfi, har iyaye suka waiwayo. Ta kama yatsana muka taho a ƙafa, tana ba ni labarin wadda ta ɓatar mata da fensir.

Ta ce gobe ma in zo. Na ce sai na gani.

Na riga na gaya wa Shugaba zan fita ƙarfe ɗaya.