Inna Tana Ɗaga Wa Jirgin Da Ba Na Ciki Hannu

Salamu alaikum jama'ar wanga shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah mai zagi ya haƙura ya kai ƙarshe tukuna.

Ni ɗan Kurawa ne, ƙasar Sabon Birni. Allah Ya ba ni sa'a na tahi ƙasar waje na koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama, na samu irin lasin da mutum zai ɗauki iyalinshi, ba haya ba. Da na dawo, hukumar jiragen sama ta ba ni takardar amincewa ta ɗan lokaci, don lasin waje ba ya aiki nan shi kaɗai. Ni da gaggawata ban lura ba, ashe rayuwar takardar ɗaure take da ta lasin. Lasin ya ƙare, sabuntawa sai na koma can an sake gwada ni, hanyar komawa kuwa ta toshe. Duka biyun sunka mutu a hannuna.

Yanzu keke napep nake ja cikin Sakkwato. Wa za ni gaya wa? Abokaina na gida "Kyaftin" suke ce mini, shi ya sa ko sallah ba na zuwa. Ni kaɗai nake cin tuwona a ɗakin haya, wallahi kaɗaici ya ishe ni.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce, mahaifiyata. Duk jirgin da ya gitta ta saman garinmu sai ta fito tsakar gida tana kaɗa faifai. Ran nan ta kira ni a waya ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka wuce da hantsi?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "Ai na sani, naka ya fi tahiya a hankali." Wace irin ƙarya ce wannan da har uwa ke taya ka gyara ta?

To, yanzu idonta ya fara rufewa. Ta ce, "Kafin duhu ya gama shigowa, ka hau da ni sau guda, in ga gonar gero ta babanka yadda tsuntsu ke ganin ta."

Wani abokina da munka yi karatu tare yana kula da ƙaramin jirgin wani attajiri. Ya ce, "Kawo tsohuwa mana, wa zai tambaye ka takarda?" Amma ni na san hannuna ya daɗe bai taɓa jirgi ba. Tsoro nake ji. In wani abu ya faru a sama, uwata ce a kujerar gefe. In kuma na hwaɗa mata gaskiya, na ƙwace mata abu guda da take fitowa kallo.

Ƙanena ya ce har ta wanke zanenta na fita unguwa ta ninke, tana jiran in aiko a ɗauko ta.

Jama'a, me za ni yi?