Baƙin Ƙyalle a Hannun Liyema

Zuwa ga Yaya Nolufefe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin Leeds ya bar ki ki sarara. Mu nan Mthatha lafiya. Kawu Mzwandile ya warke sarai, tunda har ya koma zagin rediyo.

Kin tambayi sabon tsarin aikina. Kin dai san shekara goma sha bakwai ina zagaya makarantu tara ina sauraron damuwar yara, har ranar da na tsayar da mota a hanyar Ngqeleni na kasa tuna inda za ni. Likita ya ce gajiya ce ta cinye ni, ya hana ni tuƙi. Maganin da ofis suka samo shi ne in zauna a gida in riƙa ganin yaran ta kwamfuta. Wani ɗan ƙwalisa daga ofis, mai ɗaure taye a wuya, ya yi mana albishir cewa yanzu mutum ɗaya zai riƙe makaranta ashirin. Na ce masa, ɗana, wadda tara suka kayar, ashirin ne za su tashe ta? Ya yi dariya, ya ɗauka raha nake. Yanzu daga ni sai butar shayi. Sai in yi kwana uku ban taɓa hannun mutum ba.

Akwai wata yarinya Liyema, shekararta sha uku, an turo min ita don an ga ta daina magana a aji. Kwamfutar makarantarsu a kan dogon tebur take, daga wuyanta zuwa sama kawai nake gani. Sati biyar ina ce mata ta zauna da mahaifiyarta ta faɗa mata abin da ke ranta. Sati biyar tana sunkuyar da kai tana cewa to, Mama. Kin san tarbiyyarmu, yaro ba ya gyara wa babba zance. A na shida ta ɗaga hannu za ta gyara allon, sai ga baƙin ƙyallen makoki maƙale a hannun rigarta. Ashe uwar ta rasu tun bikin Ista. Duk makarantar sun sani, ba wanda ya rubuta min, don wa ke rubuta abin da kowa ke gani? Liyema ta ga fuskata ta canza, kuma daga ranar ba ta sake zuwa ba. Ni da kabad cike da littattafai kan baƙin ciki! Da ɗaki ɗaya muke, tun daga bakin ƙofa zan gani.

Ran Asabar na shiga motar haya har gidan kakarta. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe matar cikin akwati tana da ƙafafu. Liyema ta kawo min ruwa, na riƙe hannunta na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, Mama, ai ta bi maganata. Kowane sati tana zuwa kabarin mahaifiyarta a bayan lambu, ta zauna ta faɗa mata abin da ke ranta. Ta ce gaban allon ne dai ba za ta koma ba. Na ce to ni zan riƙa zuwa duk Alhamis, ofis su yi abin da za su yi.

Na dawo gida da wannan magana, Yaya, na rasa wanda zan gaya wa.

Ki gaida min Yaya Sandile, da Khanya, da Buhle mai ƙiwuyar rubuto wasiƙa.

Ƙanwarki,
Zukiswa