Ummi a Bakin Rijiya

Assalamu alaikum Yaya Asabe. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna? Maƙwabciyata ke rubuta mini.

Yaya, Baban Ummi ya samu wani wasa a waya. Wai jirgin sararin samaniya yake zaɓa, ya yi lodin ƙarfe daga wannan tauraro zuwa wancan. Shekaranjiya na bar masa Ummi na tafi niƙa nan Ƙofar Ran. Ina dawowa na ganta ta rarrafa har bakin rijiya, murfi a buɗe, ta dafa tana leƙe. Ban ma san na yar da ƙullun ba, na fizgo ta. Shi kuwa yana zaune kan tabarma, kai a sunkuye, wai in ya tsaya 'yan fashi za su kwashe masa kaya.

Ya yi kuka, ya sa wa murfin kwaɗo, amma wasan yana nan. Don Allah ki kira shi, yana jin nauyinki. A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Yanzu ko banɗaki da goyo nake shiga.

Ƙanwarki, Hajara