Taurarin da Dogo Ya Sace Mini

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki? Kina dai shafa maganin, ko kin sake jefa shi bayan kabad? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kin tambaye ni abin da ya sa ba na ɗaga waya da safe. To ga shi a rubuce, tunda a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Wata huɗu ke nan da na kama wani ɗan aiki a intanet, ban da na ofis, kuma da sassafe nake yin sa. Mutane ne suke turo murya ko bidiyo, ni kuma in sa hedifon in saurara, in buga duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma. Wani lokaci kuma rubutun nan ne da ke fitowa a ƙasan bidiyo saboda masu ƙarancin ji. Shi sai an daidaita kowane layi da bakin mai magana, kada ya riga shi, kada ya makara. Sai da na yi jarrabawa kafin kamfanin da ke raba aikin ya buɗe mini akawun a shafinsa. Ashe shekara goma sha tara da na yi ina buga takardun ofis ba a banza ba, zama ɗaya na yi na ci.

Aikin akwai cin rai. Maganar minti goma kan cinye mini awa guda. Wani yana magana yana tauna, wani fanka na kuka a bayansa, wata kuwa ta ɗauko zance uku ba ta ƙarasa ko ɗaya ba, kamar wata yayata da na sani. Idan aiki ya yi kyau, mai shi ya ba ki tauraro, daga ɗaya zuwa biyar. Nawa biyar ne cif, har wasu sun fara cewa ni kaɗai suke so a ba aikinsu. Abin da ake samu ba shi da yawa, amma yana toshe wata kafa.

Kin tuna Dogo, wanda teburinsa ke manne da nawa a ofis? Sau uku yana faɗuwa jarrabawar nan. Ya roƙe ni in ba shi kalmar sirrin akawun ɗina ya riƙa koyo da ƙananan ayyuka, ni kuma in duba kafin a tura. Shekara goma sha ɗaya yana kira na Anti, ni na koya masa yadda ake tsara wasiƙar ofis. Na ba shi.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da munin rubutuna yau.

Dogo ya cuce ni. Ranar Asabar da safe na haɗa shayina, na sa hedifon, na buga kalmar sirri, shafin ya ce ban yi daidai ba. Na sake har sau huɗu. Ashe ya canza ta, ya cire lambar wayata ya sa tasa, har adireshin saƙo ya sauya. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da cewa ba wa wani akawun laifi ne a dokarsu, don haka ba ruwansu. Gaskiyarsu. Ni na buɗe wa kura ƙofar garke.

Ran Litinin na same shi a teburinsa yana karkaɗa ƙafa. Na yi masa magana a hankali don kada a ji. Shi kuwa sai ya ɗaga murya a gaban akawu da masinja da kowa, ya ce akawun nasa ne tun asali, ni taya shi kawai nake yi da 'yan buge-buge. Ya ƙara da cewa, “Anti, zamanin tafireta ya wuce, yanzu na'ura ce ke ji ta rubuta. Ki huta.” Aka yi dariya. Tun daga ranar, idan na ba da baya, Tafireta suke ce mini.

Yaya, ba asarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Taurarin nan da kunnena na tara su, da ciwon wuya, da maimaita jimla ɗaya sau ashirin har in gane abin da wani tsoho marar haƙora yake faɗa. Yanzu ga ƙato yana yawo da su a waya yana nuna wa mutane, har Shugaban ofis ya dafa kafaɗarsa ya ce masa gwani.

Na san abin da za ki ce: a bar wa Allah. Na bar masa, amma ina roƙon Ya bi ta hannuna. Ban sake tayar wa Dogo da maganar ba. Ina gaida shi da safe, ina tambayar iyali, har biro nake ara masa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ni kuwa na riga na hura wuta.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki da duk nasihar da ke ciki, na gode, na ajiye ta a inda ba za ta ɓata ba.

Dutsen nan ya fara laushi. Shugaba zai yi ritaya ƙarshen wata, an ɗauki bidiyon jawabinsa na bankwana da za a haska a babban ɗakin taro. Yayansa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, zai zo, kuma kunnensa ya mutu gaba ɗaya. Saboda shi Shugaba ya ce lallai a sa rubutu a ƙasan bidiyon. Wa za a ba in ban da gwanin ofis?

Jiya Dogo ya tare ni a bakin matattakala, murya ƙasa-ƙasa, Antin da ta ɓace ta dawo. Wai ya zuba jawabin a na'urarsa ta rubuta, amma shi ba ya iya zaman duba minti arba'in, in taimaka in bi masa, abin da ya wuce ya wuce. Bai ko ambaci akawun ɗina ba. Na ce ya turo.

Na zauna na bi shi layi-layi, Yaya, na yi dariya har ƙwalla. Shugaba mutum ne mai haɗiye rabin magana, na'urar kuwa ta cike sauran da son ranta. Na ga kowane kuskure, na san mazaunin kowanne. Ban taɓa ko ɗigo ba. Yau da safe na mayar masa yadda ya ba ni, na ce, “Na duba.” Kuma ai ban yi ƙarya ba.

Kada ki kira ni kan wannan, ba zan ɗaga ba.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa irin ta wadda ta yi barci ta ƙoshi. Ina fatan kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi.

An yi taro. Ɗakin ya cika, manyan mutane a layin gaba, yayan Shugaba a tsakiya da sandarsa da gilashinsa, ya ƙura wa allon ido tun kafin a kunna. Dogo ya sha sabuwar riga, ya tsaya kusa da majigi. Kafin a fara, mai gabatarwa ya ambaci sunansa, ya ce shi ya yi rubutun shi kaɗai, aka tafa masa, ya ɗan rusuna. Ni ina can baya kusa da taga.

Shugaba ya buɗe baki a bidiyo ya ce yana gaida manyan baƙi. A ƙasa aka rubuta manyan baki. Wannan ya wuce da 'yar dariya. Sai ya ce yana godiya ga ma'aikatan wannan gida da suka yi shekaru tare da shi. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: mahaukatan wannan gida. Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Da ya zo kan yayansa, muryarsa na rawa, ya ce wannan bawan Allah shi ne gatansa tun yana yaro, na'ura ta ce shi ne gyaɗarsa. Tsohon ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake karantawa, sannan ya juya ya tambayi ƙaninsa da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa, wai wace gyaɗa? Nan fa ɗaki ya fashe. Aka kashe majigi.

Zan faɗa miki gaskiya, fuskar tsohon nan ta ɗan sosa mini rai, don shi bai ci mini komai ba. Amma da na waiga na ga Dogo, gumi ya jiƙa sabuwar rigar har ƙugu, sai sosawar ta lafa.

Washegari Shugaba ya kira mu ofishinsa, domin Dogo ya ce laifina ne, ni ya ba in duba. Na ce, ranka ya daɗe, ni wace ce da zan duba aikin gwani? A gaban kowa ya ce zamanina ya wuce. Shugaba ya tambaye shi, to in haka ne me ya kai shi wurina. Aka ci gaba da jan zare har Dogo ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa cin jarrabawar ba, taurarin nawa ne, akawun ɗin ma ƙwace shi ya yi. Akawu yana tsaye da fayil a hannu, kin kuwa san abin da akawu ya ji, duk ofis ya ji.

Akawun ɗina na intanet dai ya tafi. Ashe cikin wata biyu ya zubar da taurarina zuwa biyu, kamfanin ya rufe shi tun makon jiya. Sai na nemi wani kamfani na sake jarrabawa, in fara daga ƙasa kamar sabuwar shiga. Wannan ba zan yafe ba, ko kin rubuto shafi goma.

Shugaba ya yanke cewa Dogo zai sake rubutun gaba ɗaya da hannunsa, ba na'ura, a kai wa tsohon gida ya kalla, kuma ba za a karɓa ba sai na sa hannu. Yau kwana shida yana zaune kusa da ni da hedifon a ka, yana buga harafi da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ya kawo mini sau huɗu, na mayar masa sau huɗu. Ɗazu ya kawo na biyar, ya ajiye da hannu biyu, ya ce, “Anti, don Allah.” Na duba tsaf, babu kuskure ko ɗaya, aikin ya yi kyau.

Na ce ya bari sai na samu lokaci.

A gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Auta