Injin Bulon Surukina

Don Allah Hajiya ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Ni ma'aikaci ne a sashen tsara gari nan Tambuwal. Surukina, uban matata Ni'imatu, ya kafa injin buga bulo a wani fili tsakiyar gidajen mutane. Da anka ba shi izini an gindaya mishi sharaɗi: ba tada inji sai hantsi, a kashe kafin magariba. Shi kuwa ana sallame asuba yake tada shi. Wallahi har jeren kwanonin mata rawa yake yi. Katanga ɗaya ta raba shi da Malam Almu, wanda uwarshi ke kwance da hawan jini, ba ta samun barci sai gari ya kusa wayewa.

Maƙwabta sunka kawo ƙara. Ogana baƙo ne daga Kebbe, bai san surukutarmu ba, sai ya ɗora mani aikin: in ja kunne, in ba a ji ba in sa wa wurin kwaɗo.

To ni tun da na auri ɗiyarshi ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunanshi ba ni faɗi. Na tahi gidanshi da niyyar magana, na tuɓe takalmi na durƙusa, munka gaisa, gida, shanu, ruwan bana, bakina ya mutu. Na sake komawa, haka dai. Ashe shi ya ɗauka bulo nika so, kunya ta hana ni roƙo! Washegari sai ga amalanke shaƙe da bulo ƙofar gidana, kyauta, unguwa duk tana kallo. Yanzu cewa ake an toshe mani baki. Malam Almu da ka yake amsa gaisuwata, abin yana ci mani rai.

Kuma tsohon nan ba mugu ba ne. Leburorinshi manoma ne, da hantsi gona suke nufa. Ni'imatu ta ce in na sa wa ubanta kwaɗo ko na maida bulon, in haɗa da ita in maida. Ina son matata. Ya zan yi?

Mai kunya, Tambuwal

AMSA

Malam mai kunya, kunyarka tarbiyya ce, amma dubi inda shirunka ya kai ka. Surukinka bai ƙi jin magana ba, ba a gaya masa an kai ƙara ba ne. Maƙwabta kuma suna da gaskiya, barcin mara lafiya haƙƙi ne.

Gobe ka gaya wa oganka mai injin surukinka ne, a ba wani aikin. Ba don a binne ƙarar ba, a'a, sharaɗin ya hau kansa yadda zai hau kan kowa.

Kafin ma'aikaci ya isa, ka nemi dattijon da ya nema maka auren, don da bakinsa aka saba yi wa gidan nan magana. Ya je ya faɗi abin da ya kai ka durƙuso, ya yi godiyar bulon, ya roƙi a kwashe shi saboda aikinka. Ya kuma je da mafita: leburori su yi aikin da ba ƙara da sassafe, tankaɗe yashi, ba bulo ruwa, loda wa masu saye, a bar mutum biyu su tada inji da hantsi. In an yi haka ba a kai ga kwaɗo ba.

Ni'imatu kuwa ba ƙarar injin take karewa ba, tsoro take a tozarta ubanta da hannun mijinta. Kada ka yi musu da ita. Ka raka ta dubiyar mahaifiyar Malam Almu da sassafe, injin na aiki. Kada ka ce uffan, bar ta ta zauna bakin tabarmar tsohuwar ta ji da kunnenta. 'Ya tana iya gaya wa uba abin da suruki ba zai iya ba.

Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya zaunar da gidanku.