Zoɓon Gwaram Ya Tafi Kumasi

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Na dawo daga gonar Kiyako kafin azahar. Dawa ta yi kyau bana, alhamdulillahi, gero kuwa tuni yana rumbu. Gwiwar hagu ce kawai. Shekara talatin da biyu ina malamin gona, ina zaga ƙauyuka a babur, ba ta taɓa ciwo ba sai da na yi ritaya.

'Yata Khuzaima ta zo daga Gwaram za ta kwana biyu. Tun da ta gama karatu a Kano ta zama sakatariyar ƙungiyar mata masu noman zoɓo, ba ta da wani zance. Yau kuma sabo ta kawo: wai wata 'yar kasuwa a Kumasi ta ƙasar Gana tana son kayansu kai tsaye, ba ta hannun dillalai ba. Wai akwai yarjejeniyar ECOWAS, amfanin gona yana ƙetare iyaka ba kuɗin fito in takardunsa sun cika, ga kuma babbar ta Afirka baki ɗaya da ake ta faɗa a rediyo. Na ce mata tun ina saurayi nake jin shugabanni sun sa hannu, ban taɓa ganin ya ƙara wa manomi ko mudu ɗaya ba.

Ta ce, "Baba, ai ba ka taɓa gwadawa ba."

Uwarta Kulu ta yi ɗanwake. Har ƙari na yi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Samfurin da suka aika Kumasi bai karɓu ba. Yashi a ciki, wani kuma ya yi baƙi. A waya Khuzaima ta faɗa min. Ban ce mata ai na faɗa ba, ko da yake ya zo min har baki.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na je Gwaram, don in ga yarinyar kawai.

Abin da na tarar ya ɓata min rai. A tsakar gida suke baza zoɓon, a ƙasa, da kauri kamar ana shanyar tsakuwa, awaki na ratsawa. Da yamma a kwashe da ɗuminsa a danna a buhu. Ta yaya ba zai yi baƙi ba? Shugabarsu, Hajiya Zahara'u, ta sa aka shimfiɗa min tabarma, mata sun kusa arba'in. Na ce a yi gadajen kara a ɗora tampol, a baza shi ba kauri, a juya sau biyu a yini. Na zaɓo wanda ya bushe sosai na damƙa na matse ya yi ƙaras, na ce duk wanda bai yi wannan ƙarar ba kada ya shiga buhu. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, haka iyayenmu suka yi." Na ce, "Inna, iyayenmu a gida suka sha nasu."

Na daɗe ba a yi shiru ana saurarona haka ba. Na dawo gwiwa na zugi, rai kuwa fes.

Talata, 26 ga Nuwamba

Gwaram kuma. Kulu ta ce ko na koma aiki ne ban sanar da ita ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Samfuri na biyu ya karɓu. Matar Kumasi, Hajiya Jummai sunanta, ta turo saƙon murya, Khuzaima ta kunna mana bayan mun dawo masallaci. Hausarta wata iri, ta 'yan zango, ba ruwanta da namiji ko mace a magana, amma an fahimta: mota guda take so. Kulu har da guɗa.

Murnar ba ta yi nisa ba Khuzaima ta ce ita za ta raka kayan.

Na ce a'a. Ban ɗaga murya ba. Ƙasa uku za a ƙetare, 'ya mace, ba aure. Ta ce to, ta tashi ta kwashe kwanuka. Da ma gardama ta yi, da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yaya Sabo ya shigo daga Kiyako, na ba shi labari. Ya ce na yi daidai, tun farko ma kuskure ne da na bar ta ta yi boko mai zurfi, ga shi yanzu tana neman zama direba. Goyon bayana ya yi, amma sai na ji kamar zagina ya yi.

Da ya tafi Kulu ta ce, tana tsince shinkafa ba ta ko kalle ni ba, "Ƙanena Abdurra'uf ne fa zai ja motar. Kawunta ne." Na ce na ji.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hajiya Zahara'u ta zo har Birnin Kudu, da hayar babur, mace mai shekara sittin da wani abu. Ba ta roƙe ni ba. Cewa ta yi a cikinsu kaf Khuzaima ce kaɗai za ta iya tsayawa gaban jami'i ta karanta takarda da Turanci, ta kuma ɗan lallaɓa Faransanci. Abdurra'uf tuƙi ya sani, ba takarda ba. In ba ta je ba, sai su kira dillali kamar kowace shekara, ya zo ya yamutsa fuska ya faɗi abin da ya ga dama. "Ni ma zan bi su, Malam. Inda na kwanta nan za ta kwanta."

Bayan tafiyarta Khuzaima ta kawo min jakar takardun wai in duba mata. Ta lafiyar kaya, ta rajistar ƙungiya, ta kwastan, fasfo, katin rigakafi. Na yi ta jefa mata tambayoyi don in kama ta, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Wasu ma ni ban san amsarsu ba.

Na tuna kakana, da ake cewa da jakuna ya je Gwanja, can ƙasar Gana ta yau, ɗauko goro, wata shida ba labarinsa. Kullum da alfahari muke faɗa a gidan nan.

Na ce mata ta je, amma safe da yamma ina son jin muryarta.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Sun tashi da hantsi. Motar Abdurra'uf ta sami matsalar giya shekaranjiya, ya aro ta abokinsa, iri ɗaya ce. Ni na tsaya a kan lodi, na sa aka jera katako a ƙasa kafin buhu. Matan Gwaram sun rako har bakin titi. Da Khuzaima ta durƙusa yi min sallama, duk addu'ar da na tanada ta gudu, sai cewa na yi ta kula da tampol.

Alhamis, 9 ga Janairu

Sun wuce Legas. Ta ga teku. Ta ce wai ba a hango ɗaya gaɓar.

Juma'a, 10 ga Janairu

An tsare su a iyaka. Lambar tsohuwar motar ce a jikin takarda, ba wanda ya tuna a canza. Ba laifin kowa ba ne sai namu. Ni da na zauna ina jefa tambayoyi kamar alƙali, a gabana aka sauya mota ban ce uffan ba.

Ta ce iskar wurin a jiƙe take, riga ma ba ta bushewa. Wannan ya fi takardar tayar min da hankali. Zoɓo yana shan laima kamar soso. Kwana biyar a rufe a irin wannan wuri, noman mata arba'in ya yi fumfuna.

Asabar, 11 ga Janairu

Wayarta a kashe tun safe. Ta Abdurra'uf ma.

Lahadi, 12 ga Janairu

Har yanzu. Kulu tana ta aikin da ba a sa ta ba, ta wanke tukwanen da ke wanke. Yaya Sabo ya zo ya zauna a zaure, na shirya jin magana. Bai faɗa ba. Ya ce mu yi mata addu'a, muka yi. Tuwon rana ya koma yadda ya zo.

Litinin, 13 ga Janairu

Ta kira da walaha, da muryarta garau kamar ba komai. Ba wuta a inda suke, wayoyi suka mutu, sai yau ta sami mai caji. Ashe tun Juma'a ta sa an nemi gyaran takardar, yau aka turo. Kullum kuma in rana ta take, sai ta sa a yaye tampol, ita da kawunta da Hajiya Zahara'u su juya buhunan sama su sha rana, kafin la'asar a rufe. Ba ni na koya mata wannan ba.

Na so in yi faɗa. Na ce, "Kin ci abinci?" Ta ce doya har ta gundure ta.

An sake su da azahar. Na ci tuwo malmala biyu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kumasi. Buhu shida na can ƙasa sun lalace, sauran duk Hajiya Jummai ta karɓa. Wai ta damƙi ɗaya ta matse ta ji ƙarar, ta ce wa ya koya musu. Khuzaima ta ce babanta. Ba don haka na rubuta ba, don dai a san ranar da suka isa.

Asabar, 25 ga Janairu

Sun dawo lafiya. Ta rame, ta yi duhu. Ta kawo min goro fari manya, uwarta atamfa. Gida ya cika da mata har magariba.

Da aka watse muna hira ta ce katakon da na sa a ƙasan mota ya yi gajarta, shi ya sa na ƙasan suka sha laima, a Kumasi sun fi ɗaga shi kuma suna barin rata tsakanin layuka. A gaban uwarta. Na ce motar ce ba ta da kyau. Daga baya na zana abin a takarda na duba. Gaskiyarta.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi na tafiya da sauƙi. Matan ƙauyen Sundimina masu zoɓo sun aiko a tambaye ni ko zan zo in nuna musu shanya in kaka ta yi. Na ce sai na ga yadda gwiwa ta yi. Zan je.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya zauna, mun gama shukar gero a Kiyako. Gefen da ke wajen rafi na bar shi, zoɓo zan zuba, don ƙasar wurin ta gaji da dawa, ba don wani abu ba.

Da la'asar Khuzaima ta kira daga Gwaram. Ta daɗe tana gaisuwa, har gwiwa ta tambaya sau biyu, na san da magana. Hajiya Jummai tana son mota uku bana, kuma tana son Khuzaima ta zauna a gidanta wata biyu in kaya sun fara isa, ta ga yadda kasuwar take, ta san masu saye da kanta. Ta ƙare da cewa, "In ba ka amince ba, Baba, shi ke nan."

Na tambaye ta wane wata. Na ce ta tabbatar an rubuta lambar kowace mota ranar lodi, ba kafin nan ba, kuma ta bar min Yaya Sabo, ni zan yi masa bayani.

Sai da na ajiye wayar na tuna ban ce mata zan yi shawara ba. Kulu tana bakin madafa, duk ta ji. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.