Zai Shiga Rijiya Saboda Waɗanda Suka Ƙi Binne 'Yarsa

Inna Saratu,

Don Allah ki taimake ni kafin kasuwar Guci ta sake ci, domin washegarinta ne maigidana ya ce zai shiga rijiya, ni kuwa zuciyata ta kusa fashewa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin majami'a na Dungas na koyi ɗan abin da na iya.

Mu kaɗai ne masu bin Yesu a ƙauyenmu. Shekara shida ke nan da muka karɓi baftisma, kuma tun ranar ba a sake cin tuwo kwano ɗaya da maigidana ba. A bakin rijiya sai na jira kowa ta gama kafin in zura gugata. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne na bara, da ƙyanda ta ɗauke mana Barakatu tana shekara uku. Wan maigidana, Yaya Mamuda, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya tsaya ya ce ba za a sa ta a maƙabartar gari ba. Uban yarinya shi kaɗai ya haƙa kabari a ƙarshen gonarmu, ni na yi mata wanka, ni na miƙa masa ita. Ba zan ɓoye alheri ba, Fadi matar Mamuda ta zagayo ta bayan danga ta ba ni farin ƙyalle tana kuka. Ban da ita ko kare bai leƙo ba.

To yanzu rijiyar gari ta rufta daga ciki. Itatuwan da aka ɗaure ta da su sun ruɓe, yashi ya cike idon ruwan, mata suna tafiyar rabin yini da jakuna neman ruwa. Zurfinta gaba goma sha huɗu ne, kuma duk garin ba wanda ya iya yasar rijiya sai maigidana, sana'ar da ya gada ce. Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba wanda ya zo ya roƙe shi. Girman kai ya hana su. Shi da ƙafarsa ya je wurin mai gari ya ce zai shiga!

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya bar ni na gama, sannan ya ce wai Almasihu ma ba a roƙe shi ba, da yardarsa ya hau gicciye domin waɗanda suka tofa masa yawu. Na ce masa Almasihu bai bar mace da 'ya'ya biyu da tsohon ciki ba. Na san na yi saɓo, amma na faɗa. Inna, ni ma na gaskata da Mai Ceto, maigidana bai fi ni bangaskiya ba. Amma idan yashin nan ya danne shi, wa zai tono shi? Waɗanda suka ƙi haƙa ramin kamu huɗu domin yarinya? Ko so yake in haƙa nasa da hannuna a gefen nata? Ki gaya mini gaskiya, bin Yesu ne wannan ko wauta?

Uwar Barakatu, daga wajen Guci

*

'Yata,

Fushinki ba saɓo ba ne. Abin da aka yi muku ranar Barakatu mugun abu ne, kuma na san malamai da yawa a Magariya da za su ji kunyar jin sa. Ba zan ce ki manta ba. Allah ya ba ku haƙuri.

Amma mijinki ba wawa ba ne. Ya fahimci abin da mu masu wa'azi da baki muke kewayewa: Ubangiji bai jira mun cancanta ba, bai kuma jira mun roƙa ba. Da ya jira, da har yau muna nan da ƙishinmu. Ki kuma tuna cewa ruwan nan Fadi za ta sha, 'ya'yanki za su sha, da wanda ke cikinki.

Inda nake bayanki shi ne nan. Mutuwa domin ceton mutane an riga an yi ta sau ɗaya, ta kuma isa, ba a neman ta biyu daga mijinki. Yesun da ya miƙa kansa shi ne dai ya ƙi yin tsalle daga kan haikali don gwada Allah. Saboda haka ki daina ce masa kada ya shiga, ba zai ji ba. Ki ce masa ga yadda zai shiga. Igiya sabuwa, biyu, ɗaya a ƙugunsa. Mazan gari su saro itace a sake ɗaure rijiyar daga sama zuwa ƙasa, kada ya taɓa yashin gindi sai an gama. A fara zura fitila, in ta mutu a ƙasa to ba iska, a dakata. Ki aika wa fastonku na Dungas ya turo 'yan'uwa biyu su tsaya a wurin. In ranar ta zo ba a shirya ba, a ɗaga, rijiya ba za ta gudu ba.

Na ƙarshe shi ne mai wuya. A al'adar masu yasa, ɗan'uwan mutum na jini ke riƙe masa igiya. Ya kamata mijinki ya je gaban mai gari ya ce Mamuda yake so ya riƙe. In ya ƙi, gari ya gani. In ya karɓa, zai yini da nauyin ƙanensa a tafin hannunsa, kuma ban san wa'azin da ya kai wannan ba. Ban yi miki alkawarin zai nemi gafara ba. Wataƙila gobe ma ki sake jira a ƙarshen layi.

Ke kuwa kada ki kulle kanki a ɗaki ranar. Ki je bakin rijiyar ki tsaya kusa da Fadi, inda mijinki zai ji muryarki daga ƙasa. Ubangiji ya fito miki da shi lafiya, ya kuma sauke ki lafiya.

Inna Saratu